Fitilun Motar Surukina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikana na biyu a Kebbe ba, ko da yake na yi shekaru ina roƙon Allah ya mantar da ni. Da ana janye magana bayan ta fita, akwai wadda zan janye, wadda na faɗa wa surukina a ƙofar gidana. Ba zagi ba ce, ba kuma rantsuwa ba. Cewa na yi, "Ai aikinmu ne," alhali ba aikina ba ne.

Ni direba ne. Daga aji huɗu na bar makaranta na bi mota, na yi karen mota har na kama sitiyari, a shekarun nan da kuɗin mai suka shigo ana ta fasa hanyoyi a jihar Sakkwato, kowane ɗan kwangila yana neman wanda zai ja masa tifa. Na ja tifa, na ja fijo, na ja bas, har ƙarfi ya ce in zauna. A Tambuwal ba a kirana da sunana, Direba ake ce mini, ni kuwa na ɗauka duk abin da ke da taya huɗu ba shi da wani asiri da zai ɓoye mini. (Matata takan ce ko agogon bango ne ya tsaya, ni sai na ce kafireta ce.)

Surukina, mijin ɗiyata ta fari, malamin makaranta ne a Kebbe. Ba na kama sunansa, Malam nake ce masa. Shi kuma tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ba ya ɗaga kai har mu gama gaisawa. Bayan na bar tuƙi da 'yan shekaru ya sayi mota 'yar Kwatano, motarsa ta farko. Hannunsa bai gama faɗawa ba, don haka da aka kira su kwas na kwana huɗu a Sakkwato sai ya ji tsoron cunkoson birni, ya ajiye ta a gidana ya hau bas. Da hannu biyu ya miƙo mini makulli, ya ce ya bar ta a wurin wanda ya fi kowa sanin darajarta.

Washegari da hantsi na zagaya motar ina duba ta kamar mai sayen saniya. Inji lafiya, taya lafiya. Amma fitilun gaba sun yi rawaya, sun dushe kamar idon tsohon da yanar ido ta rufe. Na tuna hanyar Kebbe da ramukanta da shanun da ke ratsa ta in suna komawa gida, na tuna ɗiyata cikinta ya tsufa, kuma motar nan ce za ta ɗauke ta in haihuwa ta zo da gardama. Wannan shi ne dalilin da na faɗa wa matata. Wanda ban faɗa mata ba, so nake mai takardun nan ya dawo ya ga akwai abin da ba a koyarwa a kwaleji.

Na wanke da sabulu, ba abin da ya canza. To, a zamaninmu fitila gilashi ce, in kwalta ko wani datti ya manne mata, fetur ko tina ake sa mata, nan take ta fita tas. Akwai ragowar tina a ɗaki, ta fentin ƙofa. Matata ta ce in bari mai abu ya dawo. Na ce mata tun kafin a haifi mai abun nake goge fitila.

Na jiƙa tsumma sosai na shafa wa ta dama. Wallahi a shafar farko ta yi garau kamar ruwan randa, har ina hango ƙwan da ke ciki. Na ƙwala wa matata kira ta zo ta gani. Kafin ta ɗauraye hannu ta fito, abin ya bushe. Fitila ta koma fari fat kamar an watsa mata nono, tsumman ya manne, na ja ya bar zare-zare. Na sa yatsa in ji ko mene ne, sai shatin babban yatsana ya zauna ɓaro-ɓaro, kamar na dangwala a takardar zaɓe. Sai a lokacin na ƙwanƙwasa ta hagu da farce. Ba ƙarar gilashi na ji ba. Roba ce.

Matata ta tsaya ta duba, ta ce, "To, ta dama ta makance. Saura ta hagu." Ta koma wajen girkinta.

Na rufe gaban motar da zanin gado, na bi shagunan kayan mota na garin ɗaya bayan ɗaya ina cewa wani abokina ne ke nema. Ba mai irinta. Suka ce sai an aika kudu, kuma ba maganar kwana uku ba ce. Na dawo na kasa cin tuwo. Da wani ne mai motar, da na san yadda zan ba shi haƙuri. Amma suruki, wanda ko idona ba ya kallo, ta ina zan fara?

Matata ce ta ce in kira Ummaru. Na ce wane Ummaru, ta ce mai agogo.

Ummaru ajinmu ɗaya a elemantare. Lokacin da na bi mota shi ya zauna a gefen kasuwa da ɗan teburinsa da akwatin gilashi yana gyaran agogo, kuma fiye da shekara talatin ina yi masa tsiya. In na wuce nakan ce masa namiji da ƙarfinsa ya zauna yana ƙirga ƙafar tururuwa. Dariya kawai yake yi. Wurin wannan mutumin na je, na ce masa ya biyo ni gida ta ƙofar baya.

Ya ɗaga zanin, ya maƙala ɗan madubinsa a ido ɗaya, ya daɗe yana kallo.

"Mi ka sa mata?"

Na faɗa masa. Bai yi dariya ba, ni kuwa da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya ce murfin agogo ma yawanci roba ne, kuma ya sha ganin wanda aka goge da fetur ya narke. Ya ce wannan rawayar ba datti ba ce da za a wanke, fatar robar ce rana ta cinye, sai dai a kankare ta a hankali har a tarar da mai lafiya a ƙasa. Ya ce na ci sa'a tinar ba ta shiga da zurfi ba. Zai gwada, amma bai yi alkawari ba.

Da safe ya zo da gwangwanin samfefa, ba irin ta kafintoci ba, wata baƙa-baƙa da ake jiƙawa a ruwa, hawa-hawa, daga mai ɗan kaushi har wadda in ka shafa za ka rantse takarda ce. Ya liƙe gefen fitilar don kada ya taɓa fenti, ya miƙo mini buta ya ce aikina zuba ruwa, kada in bari wurin ya bushe. Ya fara da mai kaushin. Cikin ɗan lokaci fitilar ta fi yadda na bar ta muni, gaba ɗaya ta zama kamar an shafa alli. Na kama hannunsa na ce ya tsaya, ya ƙarasa kashe ta. Ya ce in sakar masa hannu in zuba ruwa.

Ban taɓa ganin mutum yana aiki kamar yadda Ummaru ya yi a kwana biyun nan ba. Da wannan samfefar zai goga daga dama zuwa hagu kawai. In ya canza zuwa mai laushi, sai ya koma daga sama zuwa ƙasa. Na tambaye shi dalili, ya ce ta haka zai gane ko zanen da ta baya ta bari ya fita, in ya ga ko layi ɗaya a kwance, bai gama ba ke nan. Yakan tsaya ya share, ya sa madubi, ya ga wani ɗan zane da ni ko da tabarau ban gani ba, ya koma baya hawa guda ba tare da tsaki ba. Ba ya dannawa, ba ya sauri. Ruwan da ke zuba ya fara da rawaya, ya koma fari. Ni da na saba da guduma da sifana, bayana ya ƙage a riƙon buta, shi kuwa sallah ce kaɗai ke tayar da shi.

Rana ta biyu bayan la'asar ya ɗauko wani farin man da yake goge murfin agogo da shi, da ƙyalle mai laushi, ya yi ta murzawa. Ina tsaye ina kallo fitila ta buɗe ido. Shatin yatsana ya tafi. Ya yi wa ta hagu ita ma don kada su bambanta, ya ce in gaya wa mai motar ya kai wa masu fentin mota su fesa mata farin banis, ya riƙa ajiye ta a inuwa, in ba haka ba rana za ta sake cinye ta.

Malam ya dawo muna zaune da Ummaru a tabarma a ƙofar gida. Ya gaishe mu, ya juya wajen motarsa, ya tsaya. Ya dawo ya sake durƙusawa. Ya ce an gaya masa sai dai ya sayi sababbi, ya ce bai san da bakin da zai gode mini ba. Nan ne wurin da ya kamata in nuna mutumin da ke gefena. Sai na gyara zaman hula na ce, "Ba komi, Malam. Ai aikinmu ne." Har na ɗora masa da shawarar banis da inuwa kamar daga kaina ta fito. Ummaru ya duba agogon hannunsa, ya ce magariba ta kusa, ya tashi.

Bayan wata guda ɗiyata ta sauka lafiya, namiji. Muka tafi Kebbe suna da abokaina, har da Ummaru (ban iya hana shi ba, tare muke zuwa kowane suna). Aka raɗa suna, aka raba goro, aka ci waina. Ina shirin miƙe ƙafa sai Malam ya matso ya ce a hankali akwai 'yar alfarma a waje.

Motoci huɗu ne a jere a gindin dogon yaro. Ta hedimasta, ta malamin asibiti, da wasu biyu, kowacce da dusassun idanunta. An ajiye bokitin ruwa da kujera. Ashe wata guda ke nan Malam yana yawo da labarina a garin. Mahaifinsa, dattijon malami mai almajirai manya, ya fito da sandarsa don ya gani da idonsa, 'yan suna suka biyo shi.

Na ce ban zo da kayan aiki ba. Hedimasta ya ce mene ne kayan, na ce samfefa. Kafin in rufe baki ya tsallaka shagon kafinta ya dawo da ita, ja, mai kaushi kamar tsakuwa, wadda ake kankare katako. Ya danƙa mini. Ga ni cikin babbar riga, tsugune gaban motar mutum, gumi yana bin bayana, ban san hawa nawa ake bi ba, ban ma san sunan man nan ba. Abin da na sani shi ne zuba ruwa.

Sai na ji muryar Ummaru a bayana.

"Direba, wagga ba irin wadda kake aiki da ita ba ce. Ka ce su kawo Tambuwal ran kasuwa, ni sai in riƙa kama maka."

Ya buɗe mini ƙofa ke nan, in fita da mutuncina, shi ya zama yarona. Mutumin da na yi wa tsiya shekara talatin, na kuma karɓe masa godiya a gabansa. Da ya tona ni da na iya jurewa. Wannan ce ban iya ba.

Na miƙe na ajiye samfefar a kan bonet. Na ce wa jama'a ni ban gyara fitilar Malam ba, ɓata ta na yi. Na faɗi tinar, na faɗi shatin yatsa, na faɗi zanin gado. Na ce ga wanda ya yi kwana biyu yana gyara ɓarnata, ni mai buta ne.

Malam ya sunkuyar da kai ƙasa, kafaɗunsa suna rawa, kunya ta hana shi dariya ta kuma hana shi tafiya. Mahaifinsa ya dube ni ya dubi Ummaru, ya ce, "To, ai mai buta ma da ladarsa." Nan fa aka fashe, har mata a cikin gida na ji suna tambayar abin da ya faru. Kafin azahar labari ya isa wurin ɗiyata a ɗakin jego.

Ran kasuwa motocin nan suka zo gaban teburin Ummaru, daga baya wasu suka biyo, har daga Sanyinna. Ya yi shekaru yana wannan aikin tare da agogonsa kafin Allah ya karɓi abinsa. In ban da abin yi nakan je in riƙe masa buta, kuma ko sau ɗaya bai taɓa tayar da maganar ba.

Ni ne na tayar, a hanyarmu ta dawowa daga Kebbe. Na roƙe shi gafara, na tambaye shi me ya sa ya yi shiru ranar da na ce aikinmu ne.

Ya ce, "Gaban surukinka fa muke. Can ba a gyara wa mutum magana."

Abu biyu nake roƙon wanda ya karanta wannan. In fitilar motarka ta dushe, ka ƙwanƙwasa ta da farce tukuna, in roba ce ka nisanta ta da tina da fetur, ka nemi mai haƙuri ya kankare maka. In kuma aka durƙusa ana gode maka a kan aikin da ba kai ka yi ba, ka nuna mai shi tun kuna ku uku a tabarma. Ni na jira sai da aka tara mini rabin Kebbe.