Rasuwar Mai-Ido-Ɗaya, Na'urar Hangen Taurarin Malam

Da zuciya mai cike da baƙin cikin da ko hawaye bai kawo ba, tsohon malamin kimiyya na gidan ƙarshen layi yana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar na'urarsa ta hangen taurari, wadda aka fi sani da Mai-Ido-Ɗaya. Ta rasu ranar Talata a ɗakinta na saman bene, tana da shekara goma sha tara.

Marigayiyar ta ƙarar da rayuwarta kan aiki ɗaya: gadin wasu taurari biyu masu zagaya juna. Ɗayan ƙarami ne, fari, makamashinsa ya ƙare, amma maganaɗisunsa na zuƙo iska mai zafi daga jikin ɗan'uwansa. In yana samun ci sai ya haskaka. In abin ya yanke sai ya dushe, wani lokaci har watanni, kuma ba mai iya cewa ga ranar farkawarsa. Ita ke kallo, Malam na rubutawa. Ba ta taɓa ƙorafi ba. Iyakar maganarta in tana juyawa, "zirrr... ƙit."

Wata goma sha huɗu ke nan da ƙaramin tauraron ya dushe, suna jiransa tare. Ana cikin jiran ciwo ya kama ta. Rufi ya yi yoyo, danshi ya ci madubinta, injinta ya fara karkarwa. Mai gyaran agogo ya buɗe cikinta, ya daɗe yana dubawa, ya mayar da murfin, ya ce Malam ya yi haƙuri.

Ranar Alhamis wata tsohuwar ɗalibar Malam ta turo saƙo cike da murna, wai tauraron ya farka. Malam ya karanta, ya kife wayar, ya ci gaba da shan shayinsa. Uwargida ta ce ko sukari bai sa ba, kuma bai lura ba.

Marigayiyar ta bar ƙafafu uku, kujera ɗaya mai lotsattsen wurin zama, da littattafan da Malam ke rubutu a ciki guda talatin da biyu. Na ƙarshen rabinsa fari ne.

Za a sauko da ita ranar Asabar da hantsi, a naɗe cikin tsohon bargonta, a kai ta saman kabad. Ana buƙatar mutum biyu masu ƙarfi, don matakalar tana da ƙunci. Ba za a yi zaman makoki ba. Iyalin suna roƙon masu zuwa gaisuwa kada kowa ya faɗa wa Malam inda hasken tauraron ya kai.