Magajiyar Ganguna

A duk dazuzzukan duniya babu inda ake girmama tsofaffi kamar Dajin Marke. Shi ya sa ranar da majalisa ta zauna kan sharar gidan wutar nukiliya, aka zaunar da Iya Kunkuru a sahun gaba. Ba a taɓa yi mata haka ba.

Gidan wutar dai fada yake haskawa. Sharar kuwa, toka da tsummoki da safar ma'aikata, ta cika ganguna, an rasa inda za a kai ta.

Dila, masanin fada, ya gyara murya. "Allah ya ja zamanin Giwa, wannan shara mai sauƙi ce. Tiririnta kaɗan ne, ba ya kisa nan take. A binne ta a yashin bakin rafi, a hana kowa tonawa shekara ɗari da ɗoriya, shi ke nan ta huce."

"Wa zai yi gadi?" in ji Giwa.

Kura ta ce haƙoranta sun fara zuba. Zomo ya ce danginsu ba sa daɗewa. Kowa ya miƙe ya bayyana gajartar kwanansa cikin alfahari. Sai idanu suka juyo kan Iya.

"Ranki ya daɗe," in ji Iya, "a yashin nan nake binne ƙwaina. Ku kai ta bayan dutse, ku zurfafa rami, ku yi daɓe. Don Allah."

"Bayan dutse makiyayar fada ce, Iya," in ji Dila a tausashe. "Kuma ai mun ce kaɗan ne."

"To in kaɗan ne, a ajiye a fada mana."

Aka kwashe da dariya. Tsohuwa akwai barkwanci.

"Cikinku wa zai ga ranar da za ta huce?" in ji Iya.

"Ke," in ji Giwa. "Shi ya sa muka yarda da ke."

Aka naɗa ta Magajiyar Ganguna, aka rangaɗa guɗa, aka binne gangunan a yashin.

Da lokaci ya yi, ta ja jiki can ƙarshen yashin ta binne ƙwanta. Ta jira. Lokacin ƙyanƙyasa ya zo ya wuce. Ta tono guda ta duba, ta daɗe tana dubawa, sannan ta mayar da yashi.

'Ya'yan gadu ne suka taho suna shinshina tudun ganguna. Ta rarrafa ta hau ta zauna.

"Ku koma gida, 'yan nan," ta ce. "Ba a wasa a nan."