Ajimi Mai Awon Iska

"Ni Injiniya Ajimi, ko atishawa Borno ta yi sai na auna ta." Haka yake cika baki a majalisar shayi ta unguwar Mafoni, yana karkata hular zanna.

Wani ofishin bincike ne ya ba shi na'urori uku masu auna iskar kabon, wadda itatuwa ke shaƙa, wuta da dabbobi ke fitarwa. Shugabar ofishin, Dakta Kellu, ta ce ya kafa ɗaya a daji, ɗaya a makiyaya, ɗaya a bakin tafki, don a san halin kowace irin ƙasa. In aikin ya yi kyau, shi zai je Abuja ya yi bayani a taro. Mutumin da bai taɓa wuce Damaturu ba, har ya ɗinka babbar riga.

Sai dai gogan naka ba ya shiri da rana da ƙaya. Ya zauna a inuwa ya yi nazari. Me ke makiyaya? Shanu. Ya kafa ɗaya a Kasuwar Shanu. Me ke tafki? Kifi. Ta biyu ta sauka wajen masu banda. Ta daji kuwa, ya rataye ta a rumfar Hajja Aisa mai gawayi, dab da murhun mai ƙosai.

Da sakamako ya fito, Dakta ta kira shi.

"Injiniya, dajinka hayaƙi yake fitarwa, tafkin kuma kamar ana gobara."

"Sauyin yanayi ne, ranki ya daɗe. Ni na fara gano shi."

"Kai ni in gani."

Ajimi ya shige gaba, Dakta na biye. Suna isa rumfar, Hajja Aisa ta ce, "Ajimi, rediyon nan naka har yau bai yi magana ba."

"Ina dajin?" in ji Dakta.

Sarkin dabara ya nuna buhuna. "Ga shi nan, ranki ya daɗe. Duk itacen daji ne, launi kawai ya canza."

Dakta ta jinjina kai. "Lallai kana da basira. Shiga mota, yau za ka ga Abuja."

Mota ta hau titin filin jirgi. Ajimi ya buga wa 'yan majalisa waya ɗaya bayan ɗaya yana sallama, har da tambayar tsarabar da suke so. Sai ya ji an taka birki, ko gari ba a fita ba, a wata unguwa da ake kira Bulumkutu Abuja.

"Sauka, Injiniya," in ji Dakta. "Tunda gawayi daji ne, nan ma Abuja ce. Tara mutane ka yi musu bayani."