Ranar da Na Yi wa Akuya Wa'azin Taurari

Ba zan taɓa mantawa ba. Matso kusa in faɗa miki, don har yanzu da furfura a kaina ba na iya ba da labarin nan da babbar murya.

Ni 'yar Zangon Sokode ce, a ƙasar Togo. A gidanmu ba a jin shiru sai an yi rasuwa, shi ma ba ya kai yamma. Aure ya kai ni Dapaong, wajen mijina direban babbar mota mai kai shanu Lome. Ban gama sanin hanyar kasuwa ba ƙasa ta rikice. Yau zanga-zanga, gobe sojoji, jibi aka ce an shiga yajin aikin da ba wanda ya san ranar gama shi. Maigidan ya maƙale a kudu da motarsa. Sauran 'yan hayar gidanmu ma'aikata ne, ɗaya bayan ɗaya suka kulle ɗakunansu suka koma garuruwansu. Aka bar ni da tsakar gida, da ƙofofi a rufe, da akuya guda da na sa wa suna Hajiya (tana da tafiyar ƙasaita, shi ya sa).

Abin da ya hana ni zarewa katanga ce. Bayan katangar madafina akwai mangwaro da benci, kuma kullum bayan azahar mutum biyu suna zama a wurin: Alfa Salisu mai koyar da Alƙur'ani a unguwar, da Mushe Lare (Mushe ake ce wa malaman boko a can), malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan ƙabilar Moba, wanda yajin aiki ya bari ba abin yi. Ko fuskarsu ban sani sosai ba. Amma muryarsu na haddace ta. Alfa ba ya fara magana sai ya yi gyaran murya mai kama da jan turmi a ƙasa. Mushe kuwa Hausarsa mace da namiji duk "ya" ne.

Siyasa ba a yin ta a waje lokacin, sai suka koma sama. Mushe ya ce taurarin nan da muke gani kowannensu rana ne, akwai duniyoyi ba iyaka, ba ruwa, ba iska, ko ƙuda babu.

"Alfa, faɗa mini gaskiya. Mutum mai hankali zai gina gida daga nan har garin Tanjuware, ya zuba ɗakuna, ya sa ɗan haya a guda ɗaya kawai?"

"Wa ya ce maka don ɗan hayar aka gina gidan?" in ji Alfa. "Kai matsalarka ke nan, Mushe. Duk inda ba ka ga irinka ba sai ka ce ba kowa. Dutse ma yana tasbihi, kunnenka ne bai kai ba."

"Dutse? To ka kira shi ya zo ya ba da shaida."

"Ka fara kawo mini tauraron naka in leƙa, in ga babu kowan."

Haka suke yi kullum, ba mai kayar da wani. Ni kuwa ajin farko na lakwal na tsaya, rabin maganar ba na ganewa, amma na mayar da girkina lokacin zamansu. Albasar da za a yanka da safe sai in ajiye ta har azahar, don in sami dalilin zama a gindin katanga. In ruwan sama ya hana su fitowa, ranar ko abinci ba ya mini daɗi.

Ran nan suna cikin musu motar sojoji ta wuce. Suka yi tsit, kamar yadda kowa ke yi. Na ji benci ya motsa, shiru ya yi tsawo, na ce shi ke nan sun watse. Haushi ya kama ni, don an tsaya a wuri mai daɗi. Sai na ce bari in ƙarasa musu.

Na naɗa zane a kai kamar rawani, na tsaya gaban Hajiya, na yi gyaran muryar Alfa har sai da maƙogwarona ya yi zafi. "Kai Mushe, kunnenka ne bai kai ba!" Na yi tsalle na koma ɗaya gefen, na riƙe ƙugu. "Alfa, wannan tauraruwa ya fi Dapaong girma, amma ko mai ƙosai babu a cikinsa!" (Wallahi na iya. Da a Sokode ne da mata sun faɗi don dariya.) Na yi ta kai da komowa, ina ƙara gishiri, har na sa Alfa ya yi wa Mushe barazana da carbi.

Da na gaji na zauna a kan turmi, na kama kunnen akuya, na koma muryata. "Ni dai, Hajiya, na gane abin. Kin ga ƙofofin nan? Kullum ina share gabansu, ba kowa a ciki. Ina yi ne ko wani zai zo. Wataƙila Shi ma zaman kaɗaici ne ya ishe Shi, ya yi ta gina ɗakuna yana jiran baƙi."

Sai na ji gyaran murya. Na ainihi. Daga bayan katanga.

"Astagfirullah, 'yata," in ji Alfa a hankali. "Allah ba ya kaɗaici. Mu ne muke yi."

Mushe kuwa dariyar da ya daɗe yana dannewa ta ƙwace masa. "Alfa! Matar nan ya fi ka iya muryarka! Gobe ka zauna a gida, shi ya zo!"

Duk watannin nan bai taɓa zo mini a rai ba cewa katangar da ke kawo mini muryarsu tana kai musu tawa. Na shige ɗaki da rawanina a kai, na rufe ƙofa. Waken da ke kan wuta ya ƙone ƙurmus, ina jin ƙaurinsa na kasa fitowa.

Washegari duk da kunyar na ɗauko albasa na zauna a gindin katanga. Shiru. Can wajen la'asar matar Alfa ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa da ƙwan zabi a ƙwarya. Ta ce Malam ya ce in yi haƙuri, ba su san hirarsu tana shiga gidan matar aure da mijinta ba ya nan ba. Sun ɗauke bencin sun kai bakin masallaci, ba za su ƙara damuna ba.

Damuna! Na ce na gode, Allah ya saka. Me zan ce? In ce ta roƙe su su dawo? Ta tafi, na tsaya da ƙwai a hannu, Hajiya tana kallona tana tuƙa.

Abin da na koya shi ne in za ki saci hira, ki sace ta da baki a rufe. Maigidan ya dawo bayan an buɗe hanya, gida ya sake cika, amma ban taɓa jin yadda musun ya ƙare ba. Na yi istigfari a kan maganata, kuma na yarda da Alfa. Sai dai har yau in na ɗaga kai sama abin yana dawo mini. Ke da kika yi karatu, don Allah, duk ɗakunan can na sama, wa ake share wa gabansu?