Kwamfutar da Ke Suma a Kwanar Gada

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Tartsatsi, Masu Ƙera Katin Hoton Kwamfuta,
ta hannun duk wanda aka ɗora wa karanta wasiƙun jama'a a ofishinku, in akwai shi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali, da kuma baiwar Allahn nan ta cikin na'ura da ke amsa wayarku tana cewa kirana yana da muhimmanci a wurinku. Ka miƙa mata gaisuwata. Wata biyu ke nan babu wanda ya nanata mini muhimmancina kamarta.

Bari in gabatar da kaina, tunda a littafinku lamba ce kawai ni. Tsohon mai koyar da tuƙi ne. Shekara talatin da ɗaya na yi a kujerar gefen direba, cikin motar koyo mai birki biyu, ɗaya na ɗalibi ɗaya nawa. Ɗalibaina suka raɗa mini Malam A-Hankali, ban kuma taɓa jin haushin sunan ba, don duk tsawon shekarun nan ko madubi ban bari an fasa ba. Ɗaliba guda ce ta gagare ni, ita ce autata. Ranar darasi na uku ta ja birkin hannu a tsakiyar fili ta ce, "Baba, in dai kai za ka riƙa taka birkin, to zagayo ka tuƙa kayanka." Ta fita, ta je ta ƙarasa koyo wurin abokin hamayyata na tsallaken titi, mutumin da ni na koya masa ribas. Yau motar asibiti take ja a wani gari mai nisa, da jiniya da komai. Tun daga ranar nan hirarmu a waya ba ta wuce "ya aiki" da "ga mamanki" ba.

Bara ita da kanta ta ɓullo da dabara. Ta sa mini wasan tseren motoci a tsohuwar kwamfutar ɗakina, ta aiko da abin wasan da ake riƙewa da hannu biyu da abin ji na kunne. Duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma sai mu haɗu a layin tashi, ita daga can ni daga nan, muna tsere muna hira. A awa gudan nan na san haƙorinta na ciwo, na san sunan wadda suke aiki tare, na san akwai wani da ke yawan rako ta wanda ta ce "ba komai ba ne". Kullum ita ke cinye ni, ban kuma damu ba. A lokacin hoton dishi-dishi yake, motocin kamar akwatin ashana ake ja da zare.

Sai tsautsayi ya sa ta ga tallanku. Ta aiko mini da katinku mai fanka uku, wai don in daina cewa rashin gani ne ya sa nake zuwa na ƙarshe. Mai gyaran unguwarmu ya zo ya dasa shi, ya ce kati irin wannan ba a haɗa shi soket ɗaya da talabijin, ya jawo wani soket mai doguwar waya ya ajiye ƙarƙashin tebur, ya tafi. Daga nan ƙorafina ya fara, kuma ina neman izinin jera shi.

Na ɗaya. Tun ranar da katinku mai albarka ya shigo gidana, kwamfutar ta koyi suma. Ana cikin tsere allo zai yi baƙi ƙirin, fankoki su yi ajiyar zuciya, bayan ɗan jim ta farfaɗo da tambarinku a gaba, yana sheƙi kamar bai san abin da ya faru ba. Na yaba da tarbiyyar da kuka ba shi, don ba ya suma barkatai. In ni kaɗai nake wasa, sai in wuni lafiya lau. A shagon mai gyara ya yi kwana biyu yana aiki kamar ɗan kirki gaban baƙi. Sai ranar Asabar, sai a kwanar gada, sai daidai lokacin da jar motar Auta ta sha gabana. Ranka ya daɗe, a wace makaranta kuka koya wa ƙarfe sanin lokacin da zai tozarta dattijo?

Na biyu. Na kira lambar da kuka buga a kwali. Bayan kiɗan da na haddace, wani ma'aikacinku mai ladabi ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, "Yallaɓai, ka gwada kashe ta ka sake kunnawa?" Na ce masa ai ciwon nata ke nan, ita ke kashe kanta ta kunna ba tare da ta wahalar da kowa ba. Ya ce to in sake gwadawa da hannuna, wataƙila da bambanci. Ina roƙon a ƙara wa wannan bawan Allah girma. Mutumin da zai ba mai gudawa maganin wankin ciki bai kamata a bar shi a ƙaramar kujera ba.

Na uku. Littafin bayaninku shafi sittin ne cikin harsuna goma sha biyu, da rubutun da sai tururuwa mai tabarau. Mun bi shi dalla-dalla, ni da mai gyara. Ya ce zafi ne, muka kwance fankar kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge tsohon man ya shafa sabo. Asabar ta zo, ta suma. Ya ce wuta ce ba ta isar katin, muka cire akwatin da ke raba wuta a ciki, muka sa wanda ya ninka shi ƙarfi. An sayar da kare an sayi biri, ta sake suma. Ya zare sandunan ajiyar bayanai guda biyu da ke cikinta ya goge haƙoransu da abin goge fensir, ya sauke sabuwar manhajarku, ya cire ta ya mayar da tsohuwar. Daga ƙarshe muka buɗe mata gefe guda, na ɗauko fankar tsaye ta falo na saita mata. Maiɗakina, wadda muka yi shekara arba'in tare, ta tsaya a bakin ƙofa tana fifita da murfin kwali ta ce, "Ni da na haifa maka biyar ban taɓa samun fanka tawa ni kaɗai ba. Allah ya ba marar lafiya sauƙi." Mai gyara kuwa, ranar zuwansa na shida, ya tattara sukudirebobinsa ya ce, "Baba, ni dai ilimina ya ƙare. Ko dai ka duba tsakaninka da mutane."

Na huɗu, a taƙaice. Na shiga shafinku na tambayoyi, na tarar da wani ya kawo irin matsalata shekara uku da suka wuce. A ƙasa ya dawo ya rubuta, "Na gode, na gyara." Bai faɗi yadda ya yi ba. Duk inda yake, na bar shi da Allah.

Na biyar, kuma nan ne ya fi yi mini ciwo. Duk wancan wahalar ƙarfe ce, ana jurewa. Amma ka sa kanka a matsayin yarinyar. Sau takwas tana wuce ubanta a kwana ɗaya, sau takwas uban yana ɓacewa daga layi, sannan ya kira ya ce laifin kwamfuta ne, kwamfutar da kowa ya shaida lafiyarta ƙalau sauran kwana shida na mako. A na takwas ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Baba, ba sai ka riƙa cire waya ba. In ba ka son in wuce ka, faɗa mini kawai. Na ɗauka ka canja." Na rantse, na maimaita. Ta ce tana da aiki. Ranka ya daɗe, ni da na yi shekara talatin da ɗaya ina faɗa wa manyan mutane gaskiya a kan tuƙinsu, yau katinku ya mayar da ni maƙaryaci a idon 'yar cikina. Na ji kunya, kuma na ji tsoro, don na san in Asabar ɗin nan ta tafi, mun koma "ga mamanki" har abin da hali ya yi.

Na shida. Mamanta ce ta lallashe ta ta yarda da tsere ɗaya na ƙarshe. Ranar maiɗakina ta jawo 'yar kujera ta zauna bayana da allura da zare tana ɗinke maɓallin rigata, ta ce yau sai ta ga aljanin da idonta. Muka tashi. Zagaye na farko lafiya. A na biyu muka doshi gada, jar motar ta fito ta damana, ta shiga kwanar nan da gudun da ko a mafarki ban yarda ɗalibi ya yi ba. Allo ya yi baƙi. Na juya in ce "kin gani ko", sai na tarar da matata ta saki rigar, ta riƙe ciki, hawaye na zuba don dariya. Da ƙyar ta iya nuna ƙarƙashin tebur. Na leƙa. Ƙafata ta dama ce a miƙe, da silifas ɗinta, ta danne filogin kwamfutar a kan soket ɗin mai gyara, ta karkatar da shi. Har lokacin ban ɗaga ta ba.

"Malam," in ji ta, "birki kake taka mata."

Kafin ka yi murmushi ka ce ashe kamfani ya fita, ina roƙon ka dakata, don ga na bakwai. A jikin kwalinku kun rubuta da manyan haruffa cewa hoton zai zama kamar gaske. Wa ya aike ku ku cika alkawari? Duk kamfanonin duniya suna ƙarya a kwali, mun saba, muna zaune lafiya. Da can akwatin ashana nake gani yana shan kwana, ƙafata na kwance abinta. Ku kuka zo kuka nuna mini hayaƙin taya, da ƙarfen gada, da ruwan da ke ƙarƙashinta, da inuwar direba a bayan gilashi, ga kuma muryar 'yata a kunnena tana dariya. Wane uba ne zai ga haka ƙafarsa ta tsaya neman izini? Kun yi gargaɗi kada a sa katin a ruwa, kada a ba yara su haɗiye, kada a jefa shi a wuta. Cikin shafi sittin da harsuna goma sha biyu, babu layi ɗaya da ya ce a nisanta shi daga tsohon mai koyar da tuƙi wanda ke da 'ya.

Na san za ka ce laifi tudu ne, na taka nawa ina hango naku. Na taka ɗin, sau tara ma, ba sai ka tuna mini ba.

Tun ranar Auta ba ta ɗaga wayata. Na ce wa mamanta ta yi mata bayani, ta ce, "Ƙafarka ce ta yi, bakinka zai faɗa. Ni ba kakakin ƙafa ba ce." Ni kuma bakin nan, da ya iya cewa "rage gudu" ta hanya ɗari, bai taɓa koyon kalmar ban haƙuri ba. Shi ya sa na bar wasiƙar nan a buɗe a shafinku. Ba na sa ran za ka karanta, na san darajarka ta wuce nan. Amma Auta ce ta yi rajistar garantin, kuma na san tana leƙowa.

Buƙatuna ba su da yawa. A ƙara gargaɗin da na ambata a bugu na gaba, da rubutun da mutum zai iya gani. A huta da aiko mini da saƙon tambayar ko na gamsu da hidimarku, na gamsu har na ƙoshi. Sannan in wata mai jan motar asibiti ta tuntuɓe ku, ku shaida mata cewa ubanta bai taɓa cire waya don an wuce shi ba. Ku ce mata ba wucewar ce ba ya so, gadar ce ba ta da faɗi, kuma ranar darasi na uku ma abin da ya faru ke nan.

Ku ƙara mata da cewa an mayar da soket saman kabad, inda ƙafa ba ta kaiwa. Maƙwabcina mai walda ya ciro birkin gefena daga gawar tsohuwar motar koyo, ya liƙa shi a kan farantin ƙarfe, mun ajiye shi ƙarƙashin tebur. Ba a haɗa shi da komai ba. Asabar da ƙarfe huɗu ina layin tashi, ta shiga kwanar gada da gudun da ta ga dama. Zan taka, wannan kam ba zan yi mata ƙarya ba, amma motarta za ta wuce.

Allah ya ƙara wa kamfani ɗaukaka, ya sa kwalayenku na gaba su koma ƙarya kamar na kowa.

Naka mai biyayya, wanda ya rusuna har ƙasa, inda da ma can matsalar take,

Malam A-Hankali,
tsohon mai koyar da tuƙi, baban Auta.