Ambasadan Gada Biyu da Takardar Musaya

Duk wanda ya ce unguwar Gada Biyu ta Jos ba ta da babban mutum, to bai taɓa cin karo da Oga Chuwang Dantong da safiyar Litinin ba. Baƙar kwat da guga ta sa ta ƙyalli, jan nektai, da jakar hannu wadda ba wanda ya taɓa ganin an buɗe ta. Shekara ashirin da shida ke nan yana aiki a sakatariya, kuma yana yawan tuna mana cewa babu takardar da ke motsi a jihar nan sai ta bi ta hannunsa. Ba ƙarya ya yi ba. Shi ne mai kai fayil daga wannan ofis zuwa wancan.

Sanin ƙasashen waje kuwa, sai dai a sara masa. Ƙafarsa ba ta taɓa wuce Abuja ba, amma zai zaunar da kai ya koya maka yadda Bature ke riƙe cokali da yadda yake atishawa. Mu maƙwabta muka laƙaba masa Ambasada don tsokana. Bawan Allah ya karɓa hannu bibbiyu, har in yaro ya gaishe shi da Oga kawai sai ya yi kamar bai ji ba.

Matarsa Pauline tana sayar da gwaten acca da soyayyen dankali a Tina Junction, kuma kowa ya san daga tukunyarta gidan ke ci. Shi yana kiran rumfar "kamfanin Madam". Suna da 'ya ɗaya, Yael, mai shekara goma sha shida, yarinya shiru-shiru wadda ke karatu a kan bencin masu cin gwate. Ita ce ta ci jarrabawar wata ƙungiya mai shirin musayar ɗalibai, aka zaɓe ta ta je Jamus ta yi shekara guda a makarantar sakandare, ta zauna a gidan wasu mutane.

Ranar godiya a coci, fasto ya ba Ambasada minti biyu. Ya yi arba'in.

"Jama'ar Allah," ya ce, yana gyara nektai, "wannan abu ba sa'a ba ce, jini ne. Bari in fassara muku musaya, don na ga wasunku sun yi zuru. Jamusawa ne suka ga ƙwaƙwalwarsu ta gaji, suka shiga duniya neman sabuwa. Bincike ya kawo su Najeriya, ya kawo su Filato, ya kawo su ƙofar gidana."

Akwai fom mai shafi goma sha biyu da iyaye za su cika a kan gidansu. Yael ta fara cikawa da fensir, uban ya fizge, wai wannan aikin manya ne. Ya kai shagon Taofeek mai kwamfuta, ya tsaya a kansa yana shifta. Ɗakunan kwana, biyar. Ruwan zafi, dare da rana. Mota, akwai, da direba. Aikin uba, Darakta.

"Oga, ɗaki biyar fa ka ce?" in ji Taofeek.

"Rubuta, yaro. Bature ba ya ganin girman mai ɗaki biyu."

Taofeek ya nuna masa wasu ƙananan rubutu a shafi na tara, ya ce ya kamata a karanta. Ambasada ya ce ƙananan rubutu na ƙananan ma'aikata ne. Ya sa hannu a kowane shafi, da irin sa hannun nan nasa mai wutsiya.

Yael ta tafi a watan Agusta. Ranar da ta fara makaranta ta bugo wa uwarta waya da yamma, ana tsaka da ciniki. Ambasada yana wurin tun azahar yana jira. Ya riga Pauline kai hannu, ya buɗe lasifikar wayar yadda duk masu keke da masu cin gwate za su ji.

"Dadi," in ji Yael, "na ɓata a tashar jirgin ƙasa, na shiga aji an riga an fara. Duk awa canza ɗaki suke yi, ba wanda ya gaya mini. Lokacin cin abinci ni kaɗai na zauna."

"Kun ji ko?" Ambasada ya juya yana kallon jama'a. "Jirgin ƙasa take hawa zuwa makaranta. Ajinta ma ba ɗaya ba ne. Yael, yi musu Jamusanci kaɗan su ji."

"Dadi, don Allah ba ni Mama."

Ni dai abin ya ƙona mini rai, kuma ba ni kaɗai ba. Pauline ta ajiye ludayi, ta zare wayar daga hannunsa, ta koma bayan rumfa. Sun fi rabin awa suna magana, dankali ya ƙone a kasko.

Da sannu yarinya ta saba. 'Yar gidan da ta sauka, wata sa'arta mai suna Anika, ta koya mata hanyar jirgi, ta riƙa zama da ita wurin cin abinci. Malamin lissafi ya yaba mata. Duk wannan ma Ambasada ya ce jini ne.

Wata Asabar da safe a watan Oktoba, yana tsakar gida da ɗaurin zane da singileti yana korar kaji, sai ga sallama. Madam Alake ce, jami'ar ƙungiyar a Jos, mace mai tabarau da fayil a hammata. Ya ruga ciki ya ɗora kwat a kan zanen, ya fito yana mata maraba da Turanci.

"Oga, na zo duba ɗakin da Anika za ta zauna," ta ce.

"Wace Anika? A ina?"

"A nan gidan. Janairu za ta zo, wata shida. Musaya ce ai, Oga. Kun ba da ɗaya, za ku karɓi ɗaya. Ga shi a shafi na tara, ga sa hannunka." Ta gyara tabarau. "Kuma in abin da na gani ya saɓa wa abin da aka rubuta, yarjejeniya ta rushe. Yael za ta dawo gida kafin Kirsimeti."

Da wani mutum ne, da sai ya zauna a ƙasa. Ambasada kuwa ya yi gyaran murya ya ce a biyo shi. Ya nuna ɗakinsu, ɗaya. Ɗakin Yael, biyu. Falo, uku, tun da baƙi na kwana a kan doguwar kujera. Ya buɗe sito inda buhunan dankali suke, ya ce huɗu, ana kan gyara ne. Da aka zo na biyar ya dubi dama da hagu, sannan ya miƙa hannu wajen akurkin kaji.

"A nan ma ana kwana, Madam. Fom bai ce wa zai kwana ba."

"Ruwan zafi fa?"

Ya nuna bokiti da hita a rataye jikin ƙusa. "In akwai wuta. In babu, akwai gawayi. Shi ya sa na ce dare da rana."

"Mota da direba?"

"Madam, tun da nake ban taɓa shiga motar da ba ta da direba ba."

Madam Alake ba ta yi dariya ba. Ta yi rubutu, ta yi rubutu, ta rufe fayil, ta ce ta ga abin da ta zo gani. Ta juya za ta fita. Mu da muke leƙe ta kan katanga, a ranar muka fara ganin Ambasada ba shi da jawabi. Ya bi ta har bakin get, zane na neman kwancewa.

"Madam," ya ce, da wata ƙaramar murya da ba mu san yana da ita ba, "kada ku dawo mini da yarinya. Ba ita ta rubuta ba. Ni ne. Ɗaki biyu gare ni, kuma ni masinja ne."

Madam Alake ta tsaya. Ta sake buɗe fayil ta zaro wata wasiƙa. "Abin da nake jira in ji ke nan," ta ce.

Pauline ta fito daga kicin tana goge hannu, ta ƙarasa masa labarin. Ashe tun makon farko Yael ta kasa haɗiye ƙaryar, ta zaunar da iyayen Anika ta gaya musu komai tana kuka. Daga nan duk Lahadi, in Ambasada ya tafi taron maza a coci, Pauline kan zagaya da waya ta nuna musu gidan ta bidiyo, rijiya da bokiti da kaji da komai. Mutanen suka rubuto wa ƙungiya wasiƙar nan cewa sun gani, kuma 'yarsu ta ce nan take so. Har ta fara koyon Hausa wurin Yael. Aka kawo sabon fom, Pauline ta cika da hannunta, ta sa hannu. Yael za ta ƙarasa shekararta.

Kunyar ba ta kai azahar ba. Kafin la'asar yana Tina Junction yana bayyana wa masu keke cewa gwada ƙungiyar ya yi, don ya ga ko suna aikinsu. Wai ana kiran wannan diflomasiyya. Ya kuma sanar da cewa ƙasar Jamus ta ɗauki 'yarta ta damƙa a hannunsa, shi kaɗai, duk faɗin Filato.

Ranar da Anika za ta iso ya tara unguwa a ƙofar gida. Ya aro kujeru daga coci, ya gayyato fasto da mai unguwa, ya rubuta jawabin maraba shafi huɗu. Ya tsaya a gaban get da kwat da nektai, ƙirji a gaba.

Motar Madam Alake ta tsaya. Wata doguwar yarinya ta fito da jaka a kafaɗa. Tana hango Pauline ta ruga ta rungume ta. "Sannu, Mama. Ina wuni?" Mata suka ɗauki guɗa. Sannan ta juyo wajen Ambasada, ta rusuna kamar yadda Yael ta koya mata, ta miƙa masa jakar da hannu biyu, ta ɗaga murya don kowa ya ji ta iya.

"Sannu, maigadi."

Mutane suka shiga kallon juna. Fasto ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa.

"Maigida, 'yata," in ji Pauline a hankali. "Mai-gi-da."

Fuskar yarinya ta yi ja. Ta ƙara rusunawa, ta tattaro duk Hausarta. "Yi haƙuri, maigadi."

Nan fa dariya ta ɓalle, har mai unguwa yana share hawaye da hula. Ambasada ya dubi jawabinsa, ya dubi jakar da har yanzu ake miƙo masa. Ya ninke takardun ya cusa a aljihu. Ya karɓi jaka, ya buɗe get, ya tsaya a gefe har Pauline da baƙuwarta suka shige, sannan ya mayar ya rufe. Mu dai shaida ne, aikin ya yi masa kyau.