Yadda Ake Hana Manhajar Hajiya Kammaluwa

Kai da aka damƙa wa aikin kafa wa kamfani manhaja, matso kusa. Na ɗaukar maka alkawari, in ka bi matakan nan sau da ƙafa, aikin ba zai taɓa ƙarewa ba, kujerarka kuma ba mai taɓa ta.

Misalinmu shi ne Nata'ala, mutumin Gusau mai haya a unguwar Kwamba ta Suleja. Hajiya Ummulkhairi, babbar dilar shinkafa da mai da taliya a Madalla, ita ta ɗauke shi ya jagoranci haɗa mata manhajar da za ta riƙa lura da sito da ciniki. Sharaɗinta guda ne: ranar da manhaja ta fara aiki, ranar nasa aikin ya ƙare. Ga matarsa Hamdiyya can gida da tsohon ciki, ya yi mata alkawarin ɗauko ta da zarar ta gama wanka an kuma gama aikin, bai kuwa gaya mata sharaɗin Hajiya ba. Ka ga kuwa dole mutum ya yi wa kansa tunani.

Mataki na 1: Tambayi kowa abin da yake so

Masana sun ce a fara da tattara buƙatun waɗanda za su yi amfani da manhaja. Gaskiya ne, amma ba su faɗi ranar dainawa ba. Nata'ala ya tambayi mai sito, ya tambayi akawu, ya bi direbobi har ƙarƙashin mota. Mai gadi ya ce shi dai a sa abin da zai riƙa gaya masa wanda Hajiya ba ta son gani. Nata'ala ya gyaɗa kai kamar likita, ya ce wannan buƙata ce mai muhimmanci. Kada ka taɓa ce wa kowa a'a. Duk wanda ka ce wa to, ya ƙara maka wata guda.

Mataki na 2: Nemo abin da kwamfuta ba ta ganewa

Kowane kamfani yana da shi, sai dai in ba ka tona ba. Hajiya ba ta da farashi ɗaya. Akwai na baƙo, akwai na tsohon kwastoma, akwai na wanda ya zo mata ta'aziyyar mijinta, akwai kuma na wanda bai zo ba. Sannan ga gyara, ɗan ƙarin nan da take sa a ɗora wa mai saye in ya gama lodi.

Chinedu, mai rubuta manhajar, ya tambaya a gaban kowa: "Mama, wannan gyara, how much ne?"

Hajiya ta dube shi da tausayi. "Ɗan nan, gyara ai ba a ƙayyade shi. Fuska ake dubawa."

Daɗi ya ratsa Nata'ala har ƙashi. Washegari ya kafa kwamitin nazarin gyara, shi ne shugaba, shi ne sakatare.

Mataki na 3: Shiga tsakani

Wannan shi ne ƙashin bayan sana'ar. Kada mai kamfani da mai rubuta manhaja su taɓa zama ba ka nan. In Hajiya ta ce, "Injiniya, ni fa abu mai sauƙi nake so," je ka gaya wa Chinedu irin na banki take so. In Chinedu ya ce jibi zai gama, koma ka rage murya ka ce, "Ranki ya daɗe, akwai 'yar matsalar tsaro." Ba za ta tambayi wace iri ba, don babu mai son a ga bai sani ba.

Mitin kuwa kira shi akai-akai, musamman lokacin da ka tabbata Hajiya na cikin cunkoson Zuba. Mitin mai albarka shi ne wanda aka tashi da ranar wani mitin.

Mataki na 4: Tsaya a kashi casa'in

Zana jadawali mai launi-launi ka manna a bango. Duk wanda ya tambayi inda aka kwana, ce masa an ci kashi casa'in cikin ɗari. In ka faɗi ƙasa da haka za a ce kai rago ne, in ka haura za a fara maganar ranar ƙaddamarwa da hayar kujeru.

Mataki na 5: Tanadi masu laifi tun da wuri

A littattafai ana kiran wannan hango haɗari. Wuta, sabis, ruwan sama, ma'aikatan da ba su samu horo ba. Horon kuma sa shi ranar da tirela ke sauke kaya, sai ka tsaya a ɗakin da ba kowa kana girgiza kai. Gwaji kada ka yi sai janareta ya lalace.

Mataki na 6: Kada ka tafi suna

Nan ne gwanin namu ya zame, kuma wallahi ba na son ba da labarin. Hamdiyya ta haihu, namiji. Murna ta ɗauke wa Nata'ala hankali, ya nemi hutu, ya hau motar Gusau yana rabon goro tun daga tasha. Ya manta bai bar ko mitin ɗaya a baya ba.

Hajiya ta leƙa ofishin Chinedu neman cajar waya. Ta ga kujera, ta zauna.

"Wai ni kam me ya rage a abin nan?"

"Mama, gyara ne kawai. Sauran don finish, an gama tun azumi."

"To bar min fili mana, in na dubi fuskar mutum in rubuta da hannuna."

Chinedu ya buɗe mata gurbi guda, babu komai a ciki. Shi ke nan. Kafin a kira la'asar manhaja ta fitar da rasit na farko.

Nata'ala ya dawo da ledar naman suna zai raba wa ma'aikata, ya tarar da mai sito yana danna kwamfuta kamar da ita aka haife shi. An cire jadawalinsa an manna kalanda. Hajiya ta tare shi da fara'a.

"Injiniya, barka, barka! Allah ya raya mana. Ka ga aikinka ya yi albarka, Allah ya saka."

Ta sa aka ɗora masa buhun shinkafa a keke, ta yi masa addu'a mai tsawo, sannan ta miƙa hannu ta karɓi mukullin ofis.

A bakin titin Madalla wayarsa ta yi ƙara. Hamdiyya ce, tana tambayar ya ya iso, ya kuma aiki.

Ya ce, "An gama."

Ta rangaɗa guɗa har sai da ya janye wayar daga kunne. Yana ji tana kiran mahaifiyarta: "Inna, sun gama aikin! Sai Suleja!" Ta dawo tana dariya, ta tambaye shi ko ɗakin Kwamba zai ɗauki gadon jariri. Nata'ala ya daɗe yana kallon motocin Abuja suna wucewa, sannan ya ce mata zai ɗauka.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba ruwansa da duk abin da ya biyo baya, ko kora ce, ko hawan jini, ko Hajiyar da ta koyi karanta jadawali. Shawara ya bayar, bai ɗaure kowa ba. In kuma ka bi komai amma manhajarka ta yi aiki, kada ka zo kana tambayata yadda za ka gaya wa mai jego. Wannan matakin har yau Nata'ala ma bai gano shi ba.